Twilight Struggle: gem ɗin da ke nuna maka kan wa ƙarfin manyan ƙasashe yake sauka

Duk mai son ya gane yadda manyan ƙasashe suke mu'amala da ƙanana in an kashe makirfo an rufe ƙofa, to ina bashi shawara ya nemi wani gem da ake kira Twilight Struggle ya zauna dashi, kuma tun daga farko bari in faɗa, ni dai ya burgeni sosai duk da akwai abubuwa a cikinsa da suke ci mun rai har yanzu, zan zo kansu.

Gem ne na allo da kati, mutum biyu ke bugawa, ɗaya ya ɗauki Amurka ɗaya ya ɗauki Tarayyar Soviet, a buga yaƙin cacar baka tun daga 1945 har 1989. Wasu mutum biyu, Ananda Gupta da Jason Matthews, su suka tsarashi, kamfanin GMT Games ya fitar dashi a 2005, kuma a shafin BoardGameGeek inda masu irin wannan harka ke bada maki ya riƙe lamba ɗaya tun ƙarshen 2010 har farkon 2016, wanda ba ƙaramin abu bane ga gem ɗin da sai ka zauna ka karanta dokokinsa kamar zaka shiga jarabawa. A 2016 ɗin kuma kamfanin Playdek ya fitar da na kwamfuta da waya, yana nan a Steam da Android da iOS. Na buga na allon na buga na wayar, dokokin duk ɗaya ne.

Yadda yake a taƙaice, taswirar duniya ce a shimfiɗe, kowace ƙasa da ɗan akwatinta da lamba a jiki, wannan lambar ita ke nuna ƙarfin zaman gwamnatin ƙasar, daga 1 zuwa 5. Kai aikinka ka dinga zuba tasirinka a ƙasashe har ka zarce abokin karawarka da yawan wannan lambar, daga nan ƙasar ta zama taka. Zagaye goma ne, kati 110 a sabon bugun, kusan kowane kati kuma wani abu ne da ya faru da gaske, shirin Marshall, kafa NATO, yaƙin Koriya, hawan Fidel Castro, rikicin Suez, har da Chernobyl. Ko dai ka bar abun da ke jikin katin ya faru ko kayi amfani da lambar ƙarfinsa kayi wani aiki, amma wahalar itace in katin na ɓangaren abokin gaba ne ya faɗo hannunka to galibi dole abun ya faru ko kana so ko baka so, sai dai ka zaɓi lokacin da ɓarnar zata fi sauƙi. Wanda ya fara kai maki 20 ya ci, ko wanda ya mallake Turai lokacin da aka buga katin da ake lissafin makin yankin dashi. Wannan kenan, sauran sai hannu ya taɓa.

Abun da yasa nake wannan rubutun shine juyin mulki. A gem ɗin nan juyin mulki aiki ne na yau da kullum, kamar yadda zaka zuba tasiri haka zaka ɗauki kati ka nuna ƙasa kace nan zan kifar, ka jefa dais. Lissafin kuwa ga shi, ka haɗa lambar katinka da abun da dais ya baka, sai ka cire ninki biyu na lambar ƙasar, abun da ya rage shi zaka kwashe daga tasirin abokin gaba, in ya yi saura ka zuba naka. To duba lambobin da aka ba ƙasashen. Birtaniya 5, Jamus ta Yamma 4, Japan 4, Isra'ila 4, Faransa 3, Iran da Masar da Pakistan da Brazil 2, sai Zaire (tsohon sunan Kongo) da Angola da Najeriya 1. Ma'ana in kana riƙe da kati mai lamba 3 ka nufi Zaire, ko dais ya baka 1 wanda shine mafi muni, 4 kenan a cire 2, ka riga ka yi ɓarna, ba yadda za'ai ka faɗi. Amma Birtaniya ko ka haɗa kati mafi ƙarfi mai 4 da 6 a dais goma ce kawai, ita kuma ninkinta goma, ko gezau. Wlh ranar da na fara yin wannan lissafin a kaina sai da na ɗan tsaya, sabida ba wanda ya yi mun lacca akan cewa ƙarfi yana bin inda zai yi arha, lambobin ne suka tura hannuna can da kansu.

Sai kuma DEFCON, wanda anan ne gem ɗin ya nuna masu tsarashi sun san abun da suke yi. DEFCON ma'auni ne na gaske da sojin Amurka ke amfani dashi wajen nuna matakin shirin yaƙi, daga 5 lokacin kwanciyar hankali zuwa 1. A gem ɗin ana farawa a 5, duk sanda wani ya yi juyin mulki a ɗaya daga cikin ƙasashen da aka ware a matsayin fagen daga sai ya sauka da mataki ɗaya, in ya kai 1 yaƙin nukiliya ya ɓarke gem ya ƙare, kuma wanda abun ya faru a lokacin wasansa shi ya faɗi. To amma ga inda take, da zarar ya sauka 4 an haramta juyin mulki a Turai, in ya sauka 3 an haramta a Asiya, in ya sauka 2 an haramta a Gabas ta Tsakiya. Me ya rage? Afirka da Amurka ta Tsakiya da Amurka ta Kudu, su ba'a taɓa rufe su, daga farkon gem har ƙarshe ƙofarsu a buɗe take. Kuma tunda kusan duk masu iya bugawa suna riƙe DEFCON ne tsakanin 3 da 2, sai kaga tun daga zagayen farko an rufe Turai an jefar da makulli, su biyun suna kallon juna ta kan Berlin kar-ta-san-kar, duk wani naushi kuma sai a je a sauke shi a kudu.

Haka kuwa akayi a zahiri. Shekara arba'in da ɗoriya sojan Amurka da na Soviet suna fuskantar juna a tsakiyar Jamus ba su gwabza ba, ana ta kiran zamanin da sunan cacar baka kamar baki kawai aka yi amfani dashi, alhali a 1953 Amurka da Birtaniya sun kifar da Mohammad Mosaddegh a Iran bayan ya maida man ƙasar hannun gwamnati, a 1954 aka kifar da Jacobo Arbenz a Guatemala, Kongo ta samu 'yanci ranar 30 ga Yuni 1960 ranar 17 ga Janairu 1961 kuma aka kashe firaministanta na farko Patrice Lumumba, Mobutu ya ƙwace mulki gaba ɗaya a 1965 ya zauna sama da shekara talatin da goyon bayan Yamma, ranar 11 ga Satumba 1973 sojoji suka yi wa fadar Salvador Allende ruwan bam a Chile. Angola kuwa daga samun 'yanci a 1975 ta faɗa yaƙi, Soviet da Cuba na bayan MPLA, Amurka da Afirka ta Kudu ta wariyar launin fata na bayan UNITA, yaƙin bai ƙare ba sai 2002, bayan ita kanta Tarayyar Soviet ɗin ta shekara goma da rushewa. Ɓangaren Moscow ma ba kanwar lasa bane, tankokinsu suka murƙushe Hungary a 1956 da Czechoslovakia a 1968, Yamma ta yi ta Allah wadai a rediyo amma ko soja ɗaya bata tura ba, don kowa ya san can gidan wani ne. A yaƙin Ogaden na 1977 zuwa 1978 ma Soviet ɗin da ta daɗe tana ba Somaliya makamai sai ta juya ta koma bayan Habasha, Somaliya kuma ta nufi Amurka, dai-dai yadda ake musayar ƙasa a kan allon nan cikin zagaye ɗaya.

Akwai wata doka kuma da ta fi duk sauran tsaya mun a rai, ita ce ta aikin soja na dole. A ƙarshen kowane zagaye ana duba yawan aikin sojan da kayi, wato juyin mulki da katunan yaƙi, in bai kai lambar DEFCON ba to duk abun da ka gaza ana ba abokin karawarka a matsayin maki. Wato gem ɗin yana cin tararka in ka zauna lafiya. Tunanin da ke bayan wannan shine babbar ƙasar da bata nuna ƙwanji ana ɗaukarta a matsayin mai rauni, ƙawayenta su fara waige-waige, abokan gaba su fara gwada ta, kuma wannan tunanin da gaske ya yi aiki a kawunan shugabannin wancan lokacin, da yawa daga cikin dalilan da aka bayar na ci gaba da yaƙin Vietnam kenan, kar a ce Amurka ta ja da baya.

Bari in baku yadda abun yake kamawa a hannu. Wata rana ina riƙe da Amurka, zagaye na biyar, saura mun kati ɗaya mai lamba 2, DEFCON na kan 2, aikin sojana kuma sifili, kenan maki biyu zasu tafi a banza in ban yi wani abu ba. Turai a rufe, Asiya a rufe, Gabas ta Tsakiya a rufe, fagen daga kuma in na taɓa duniya ta tashi na faɗi. Sai na bi taswirar da yatsa ina neman ƙaramar ƙasa mai lamba 1 da abokina yake da tasiri ko da ɗaya ne a ciki, yatsana ya tsaya akan Nicaragua. Bana buƙatar Nicaragua, bata ƙara mun komai a lissafi, ba abun da ta yi mun, kawai ita ce a kusa kuma ita ce ba mai tare mata. Na jefa dais na kifar da ita na matsar da alamar aikin soja zuwa 2, abokina ya kalleni yace "mutumina me Nicaragua ta yi maka", nace ba komai, maki biyu nake karewa. Muka yi shiru na ɗan lokaci kafin ya raba katin zagaye na gaba. Na karanta abubuwa da dama akan siyasar duniya amma ban taɓa jin yadda ake yanke irin wannan hukuncin daga ciki ba sai a wannan lokacin, ba ƙiyayya ba fushi, lissafi ne kawai, kuma wannan ɗin ne ya fi bani tsoro.

Batun nukiliya ma sun kama shi da kyau. Tunda wanda ya jawo yaƙin a lokacin wasansa shi ke faɗuwa, sai kowa ya dinga tura ɗan uwansa bakin rami yana fatan shi zai zame. Akwai katuna da in suka maƙale a hannunka DEFCON na kan 2 sun zame maka ƙarfen ƙafa, misali katin kafa CIA in yana hannun mai Soviet, lambarsa 1 ce kacal amma in ka buga shi Amurka ta samu damar yin aiki a cikin lokacinka, sai ta je ta yi juyin mulki a fagen daga, DEFCON ya faɗa 1, kai aka ɗora wa laifi, ka faɗi. Zakaga mutum ya riƙe wannan katin zagaye bayan zagaye yana neman yadda zai rabu dashi. Katin rikicin makamai masu linzami na Cuba kuwa yana kai DEFCON 2 kai tsaye ya kuma ɗaure hannun abokin gaba daga yin juyin mulki, hanyar kuɓuta ita ce Soviet ta cire tasiri biyu daga Cuba, ko in Amurka ce aka ɗaure ta cire daga Turkiyya ko Jamus ta Yamma. Wanda ya san tarihin zai gane daga ina aka ɗauko, a Oktoban 1962 bayan kwana 13 ana zaman ɗar-ɗar shugaban Soviet Khrushchev ya yarda ya kwashe makamansa daga Cuba, shugaban Amurka Kennedy ya yi alƙawarin ba zai mamaye tsibirin ba, a ɓoye kuma aka yarda Amurka zata kwashe makamanta na Jupiter daga Turkiyya, aka kwashe a 1963. Shi Castro da abun ke faruwa a ƙasarsa ba'a ma shawarce shi ba lokacin da aka ƙulla yarjejeniyar.

To ina Majalisar Ɗinkin Duniya a duk wannan? Kati ɗaya ce, mai lamba 1. Amfaninta shine ka haɗa ta da wani mugun kati na abokin gaba da ke hannunka ta soke abun da ke jikinsa, kai kuma ka ci moriyar lambarsa. Iyakarta kenan, kayan aiki a hannun duk babban da ya dace da ita. Da farko naga kamar an rage mata daraja da yawa, don sashe na 2 sakin layi na 4 na kundin Majalisar ya haramta amfani da ƙarfi ko barazanar ƙarfi akan wata ƙasa ƙarara, kuma Majalisar ta yi ayyukan da suka ceci rayuka ta ɓangaren 'yan gudun hijira da lafiya da abinci. Amma in ana maganar tare babba ne, to ƙasashe biyar ke da kujerar naƙi a Kwamitin Sulhu, Amurka da Rasha da China da Birtaniya da Faransa, ɗaya ta ɗaga hannu magana ta mutu. Ita wannan Nicaraguan da na kifar a kan allo, a zahiri ta kai Amurka ƙara Kotun Duniya da ke Hague akan taimaka wa 'yan tawayen Contra da dasa nakiyoyi a tashoshin ruwanta, a 1986 kotu ta bata gaskiya, Amurka ta ƙi bin hukuncin, da aka kai maganar Kwamitin Sulhu ta hau kujerar naƙi. Shari'a ta ci, ba ɗan sandan da zai je ya karɓo mata haƙƙinta. Haka aka shiga Iraƙi a 2003 ba tare da amincewar Kwamitin ba, haka Rasha ta afka wa Ukraine ranar 24 ga Fabrairu 2022 ta kuma hau kujerar naƙi akan ƙudurin da ke Allah wadai da ita, alhali a 1994 ita da Amurka da Birtaniya sun sa hannu a takardar Budapest cewa zasu mutunta iyakokin Ukraine bayan ta yarda ta miƙa makaman nukiliyar da ta gada. Duk wata ƙasa da ke kallo ta ga wannan, ta kuma ga Libiya da ta ajiye shirin makamanta a 2003 aka yi mata ruwan wuta a 2011, ta ga Koriya ta Arewa da ta gwada bam ɗinta a 2006 har yau ba wanda ya shiga mata, to wane darasi kake tunanin zata ɗauka? Wannan abun yana damuna ƙwarai, sabida duniyar da kowa ya yarda cewa bam ne kawai ke kare mutum duniya ce da 'ya'yan kowa ke cikin haɗari.

Katin Suez ma ina sonsa, yana kwashe tasirin Amurka har huɗu daga Faransa da Birtaniya da Isra'ila. A 1956 Nasser ya maida mashigin Suez hannun Masar, ƙasashen nan uku suka haɗa baki suka kai hari, a fagen yaƙi kuma suna cin nasara, amma shugaban Amurka Eisenhower ya matse Birtaniya ta wajen kuɗi lokacin da fam ke tangal-tangal, dole suka janye, firaministan Birtaniya Anthony Eden ya sauka a Janairun 1957. Gaba da gabanta kenan, waɗanda suka saba yi wa wasu fin ƙarfi sai gashi an yi musu ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba.

Kar kuma a ɗauka gem ɗin cewa yake ƙarfi na maganin komai, a'a. Akwai katuna biyu, ɗaya na Vietnam da ke kama Amurka ɗaya na Afghanistan da ke kama Soviet, in aka ɗana maka sai ka dinga zubar da kati mai kyau duk lokacin wasanka kana jefa dais ko zaka fita, wani lokacin ka fita nan take wani lokacin rabin zagaye ya tafi kana zubarwa, abokin karawarka kuma yana ta cin ƙasashe hankali kwance. Amurka ta rasa sojoji sama da 58,000 a Vietnam ta fita Saigon ta faɗi a 1975, Soviet ta shiga Afghanistan a Disamban 1979 ta fita a Fabrairun 1989 bata samu abun da ta je nema ba, kuma bayan kusan shekara uku ita kanta ta watse. Sannan mafi yawan makin da ake ci a gem ɗin daga zuba tasiri a hankali yake zuwa, mai yawan jefa dais yana neman juyin mulki ko ta halin ƙaƙa yawanci shi ke faɗuwa. Poland misali, ba da tanka ake ƙwace ta daga Soviet ba, katin zaɓen Fafaroma John Paul na biyu ne ke fara sassauta ta sannan katin ƙungiyar ƙwadago ta Solidarity ya biyo baya. Wannan daidaiton ya yi mun, ƙarfi shi ke shata filin da ake wasa a ciki amma riƙe ƙasa da bindiga kaɗai tsada gareshi.

Yanzu abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Na farko kuma mafi girma, a gem ɗin nan ƙananan ƙasashe basu da baki, akwatuna ne kawai da ake zuba musu alama ja ko shuɗiya. Su masu tsarashin basu ɓoye ba, sun rubuta a bayanin da ke cikin littafin dokoki cewa da gangan suka ɗauki tunanin yaƙin cacar baka a matsayin gaskiya har da ɓangarorinsa da aka san ba gaskiya bane, don mai bugawa ya ji yadda mutanen Washington da Moscow suke ganin duniya. Na yaba da faɗin gaskiyar amma duk da haka abun yana da illa ga wanda bai san tarihi ba. Katin Nasser tasiri biyu yake ba Soviet a Masar kamar yaronsu ne, alhali mutumin ya ɗaure 'yan kwaminis na ƙasarsa, tasa yake bugawa yana karɓa nan yana karɓa can. Katin samun 'yancin ƙasashen da aka yi wa mulkin mallaka shi ma riba ce kawai ta Soviet, tasiri ɗaya-ɗaya a ƙasashe huɗu na Afirka ko kudu maso gabashin Asiya, gwagwarmayar miliyoyin mutane ta koma kyautar da Moscow ta tsinta. Taron Bandung na 1955 da ƙungiyar 'yan ba-ruwanmu da aka kafa a Belgrade a 1961, inda irinsu Nehru da Tito da Nkrumah da Sukarno suka ce su ba na kowa bane, basu da wuri a ainihin katunan. China guda ma kati ɗaya ce da ake miƙa wa juna. Kuma duba farashin da aka sa wa yankuna, mallake Turai cin gem ne gaba ɗaya, mallake Asiya maki 9, Gabas ta Tsakiya 7, Afirka duk girmanta 6. Na san haka manyan suke lissafi, amma ganinsa a rubuce a kati yana da ciwo.

Na biyu, ba gawa a gem ɗin. Kayi juyin mulki ka ɗauke kwali ka ajiye kwali, shikenan. Yaƙin Koriya da ya ci rayukan miliyoyi dais ɗaya ne da maki biyu. Shi yasa nake ganin duk wanda zai koya wa matashi wannan gem ɗin ya kamata ya dinga tsayawa akan kati yana bashi labarin abun da ya faru da mutanen wurin, littafin dokokin yana da ɗan bayanin tarihi na kowane kati a ƙarshensa, yana taimakawa amma gajere ne.

Sauran ƙorafin na wasa ne kawai. Koyonsa akwai wuya, wanda ya san katunan zai dinga lallasa sabon shiga ba tausayi har sai shi ma ya haddace abun da ke zuwa, misali in baka san akwai katin Fidel ba zaka zuba ƙarfinka a Cuba ya tafi a iska. Zama ɗaya yana iya cin awa uku. Sa'a tana da hannu, wani lokacin a raba maka kati duk na abokin gaba ka rasa inda zaka sa kanka, ko da yake ni ina ganin wannan ma wani ɓangare ne na daɗinsa. Rubutun katunan da turanci na same su kuma dole ka fahimce su dalla-dalla don kalma ɗaya tana canza hukunci. Sannan a farkon gem Soviet ta fi ƙarfi a fili, Amurka sai ta daure zuwa tsakiya kafin katunanta masu kyau su fara fitowa, shi yasa masu bugawa da yawa suke ƙara wa Amurka ɗan tasiri tun farko don a daidaita. Kuma duniyar mutum biyu ce, wanda yake son ya fahimci yau da China da Indiya da Turkiyya da ƙasashen Gulf kowa ke jan nasa, zai samu tushen ne kawai anan.

Tsakanin na allo da na waya, sabon shiga ya fara da na waya ko kwamfuta, shi ke yin lissafin da kansa, ba zai barka ka karya doka ba, akwai darasin koyo a ciki kuma zaka iya bugawa da mutane ta intanet kowa ya yi wasansa lokacin da ya samu sarari. Bugawa da kwamfutar ya isa koyo amma da ka gane katunan zaka fi son mutum. Allon waya ƙarami ne ga taswirar duniya guda, tablet ko kwamfuta sun fi. Na allon kuwa yana son babban tebur da abokin da zai iya zama awa uku ba tare da ya dinga duba waya ba, kuma in kun samu hakan ya fi na intanet nesa, don kana ganin fuskar mutum lokacin da ya ɗauki katinsa ya gane abun da ke hannunsa. Ɗaliban kimiyyar siyasa da tarihi da 'yan jarida masu rubutu akan harkokin waje su nafi ba shawarar su nema. Wanda yake neman abun nishaɗi na minti ashirin ko gem ɗin da mutum huɗu biyar zasu zauna akai, wannan ba nasa bane. In zaku fara ku biyu duk sababbi, ku buga zagaye uku na farko kawai ku tsaya ku sake daga farko ku musanya ɓangare, sai kun saba da katunan farkon sannan ku shiga na tsakiya inda Afirka da Latin Amurka suke shigowa lissafi.